Shiyatsu da ciwon faibromayaljiya: gwajin mutum 34 a Sao Paulo

A shekarar 2013 wasu masu bincike uku na Jami'ar Sao Paulo a ƙasar Birazil, Susan Yuan da Ana Berssaneti da Amélia Marques, suka wallafa sakamakon wani ɗan gwaji da suka yi a kan masu ciwon faibromayaljiya. Mutanen fisiyo ne, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Mutum 34 suka ɗauka, 'yan shekara 33 zuwa 62, suka raba su gida biyu. Kashin farko, mutum 17, aka riƙa yi musu shiyatsu, tausar Japanawa ta danna jiki da yatsu da tafin hannu, ana bin jikin gaba ɗaya, sau biyu a mako har mako takwas. Kashi na biyu, su ma 17, ɗan littafin wayar da kai kan lafiya kawai aka ba su. Da wa'adi ya cika aka sake auna kowa, sai aka tarar waɗanda aka yi wa tausa ciwonsu ya fi sauka, barcinsu ya fi gyaruwa.

Gwajin ƙarami ne, masu shi ma na share fage suka kira shi. Amma masu tallata shiyatsu ga masu wannan ciwo suna yawan jingina da shi, don haka ya cancanci a zauna a dube shi da kyau. Akwai kuma abin ɗaure kai a cikinsa. Faibromayaljiya ciwo ne da aka daɗe ana gane shi ta hanyar danna jiki: a danna mutum kaɗan ya zabura. To ta yaya dannawar kuma za ta zama magani?

Ciwon da gwajin jini ba ya gani

Mai faibromayaljiya yana kwana da ciwo ya tashi da shi, a dama da hagu, a sama da ƙugu da ƙasansa, wata da watanni. Ga gajiya wadda barci ba ya wanke ta. Ga mantuwa da nauyin kai, mutum ya shiga ɗaki ya rasa abin da ya kawo shi. Sau da yawa ciwon kai da rikicewar hanji suna rakiya. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne mutum 2 zuwa 4 cikin ɗari suna da shi, kuma mata sun fi yawa cikin waɗanda ake ganowa. A je asibiti a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙashi, komai ya fito lafiya lau. Gaɓoɓi ba su kumbura ba, tsoka ba ta lalace ba. Nan ne wahala ta biyu take farawa, domin daga likita har mutanen gida sai a fara yi wa mai ciwon kallon mai son jiki ko mai raki.

A 1904 likitan Ingila William Gowers ya ba irin wannan ciwo sunan da ke nuna kumburi ne a zaren tsoka. Aka yi ta neman kumburin ba a same shi ba, har aka sauya suna a 1976. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta kafa ma'auni: ciwo a ko'ina na aƙalla wata uku, da kuma zafi a wurare 11 cikin 18 da aka ware. Wuraren tara ne a kowane ɓangare: ƙeya, gaban wuya ta ƙasa, tsakiyar kafaɗa, saman allon kafaɗa, haƙarƙari na biyu, gwiwar hannu, saman ɗuwawu, kwatangwalo, da cikin gwiwa. Likita yana dannawa da nauyin kilo 4, gwargwadon abin da zai sa farcen babban yatsansa ya yi fari. Mai lafiya zai ji an danna shi kawai. Mai faibromayaljiya kan janye jiki tun kafin a kai rabin haka. An sauya ma'aunin a 2010 da 2016, aka daina dogaro da ƙirgen wuraren, aka koma tambayar yawan sassan da ke ciwo da tsananin gajiya da rashin barci. Duk da haka saurin jin zafin dannawa yana nan a matsayin alama.

Fahimtar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce matsalar ba a tsoka take ba, a laka da ƙwaƙwalwa take, inda ake karɓar saƙon jiki a fassara shi. Kamar lasifikar da aka ƙure wa murya ce, ko numfashi aka yi a bakinta sai unguwa ta ji. A 1994 Jon Russell da abokan aikinsa a Teksas suka samu wani sinadarin isar da saƙon ciwo, da ake kira sinadarin P, ya ninka kusan sau uku a ruwan lakar masu ciwon. A 2002 Richard Gracely da nasa abokan suka riƙa matsa farcen babban yatsan mutane suna ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Masu faibromayaljiya sun ji ciwo a kusan rabin matsin da masu lafiya suka buƙata, kuma sassan ƙwaƙwalwa masu kula da ciwo sun nuna hakan a hoto. Ke nan ba raki ba ne. Tun kafin nan, a 1975, Harvey Moldofsky a Toronto ya hana wasu masu lafiya barci mai nauyi na 'yan kwanaki, yana ta da su da ƙara duk lokacin da suka nutsa, sai ga su da ciwon tsoka da saurin jin zafi. A riƙe wannan batu na barci, domin zai dawo a sakamakon Sao Paulo.

Daga Hokkaido zuwa Sao Paulo

Shiyatsu ba tsohon abu ba ne kamar yadda ake zato. Tushensa tsohuwar tausar Japan ce da ake kira anma, wadda ta samo asali daga Sin, amma siffar da aka san shi da ita a yau ta ƙarni na 20 ce. Tokujiro Namikoshi, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 2000, yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi, mahaifiyarsa ta kamu da ciwon gaɓoɓi, shi kuma ya riƙa danna mata jiki. Daga nan ya gina sana'arsa. Ya buɗe wurin jinya a Hokkaido a 1925, ya kafa makaranta a Tokyo a 1940, kuma a 1964 dokar Japan ta ambaci shiyatsu da sunansa cikin sana'o'in da ake ba wa lasisi. Namikoshi da harshen ilimin jikin ɗan Adam yake bayani: tsoka, jijiya, gudanar jini. Wani da ya fito daga makarantarsa, Shizuto Masunaga, wanda ya rasu a 1981, ya mayar da abin kan tsohuwar fahimtar Sin ta hanyoyin kuzari da ake cewa suna ratsa jiki. Salon Masunaga ne ya fi yaɗuwa a Turai. Masu binciken gawa da na'urorin hoto ba su taɓa cin karo da waɗannan hanyoyi ba, kuma a ganina mai son fahimtar abin da tausar take yi ba ya buƙatar su.

Kasancewar gwajin a Sao Paulo ba abin mamaki ba ne. A watan Yunin 1908 jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya sauke Japanawa 781 a tashar Santos, yawancinsu don aikin gonakin kofi. Zuriyarsu da ta waɗanda suka biyo baya ta zama al'ummar Japanawa mafi girma a wajen Japan, kuma Sao Paulo ce cibiyarta. Shiyatsu a birnin ba baƙon abu ba ne. Ita kuma Amélia Marques ta daɗe tana aiki kan faibromayaljiya, tana cikin waɗanda suka daidaita babbar takardar auna tasirin ciwon zuwa Fotugis na Birazil a 2006. Masu ciwo na hannunta, masu tausa na gari, sai haɗawa.

Wanda ya saba da tausarmu ta gida, a shafa mai a murza, zai ga shiyatsu daban. Ba a tuɓe riga, ba a shafa komai. Mutum yakan kwanta a kan siririyar katifa a ƙasa, da sutura mara nauyi. Mai tausa ya durƙusa a gefe, ya aza babban yatsa ko tafin hannu a wuri ɗaya, ya sauke nauyin jikinsa a hankali, kai tsaye zuwa ciki, ba tare da murzawa ba. Ya tsaya 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗaga a hankali, ya matsa gaba kaɗan, ya sake. Haka zai bi gefen ƙashin baya, ya gangara cinya da ƙwauri, ya dawo kafaɗa da hannu, wani lokaci ya ɗan miƙar da gaɓa ko ya juya ta. Ƙarfin dannawar ba daga damtse yake fitowa ba, daga jingina yake, shi ya sa gwani zai iya rage shi har ya zama kamar aza hannu kawai. Wannan ne ya sa za a iya yi wa mai faibromayaljiya. Ana tsayawa ƙasa da inda zafi yake farawa, kuma mai ciwon ne ke faɗin inda iyakar take.

Abin da aka auna, da abin da ya fito

Abu biyar aka duba kafin farawa da bayan gamawa. Na farko tsananin ciwo, inda ake ba mutum layi mai tsawon santimita 10, wannan ƙarshe babu ciwo, wancan ƙarshe ciwon da ya fi kowane, a ce ya sa alama inda yake jin kansa. Na biyu ingancin barci, da takardar tambayoyi ta Jami'ar Pittsburgh wadda aka fitar a 1989. Na uku fargaba da zullumi. Na huɗu tasirin ciwon a rayuwar yau da kullum, da takardar da aka tsara a Oregon a 1991, mai tambayar abubuwa irin su: kin iya zuwa cefane a makon nan? Wanki fa? Girki? Gyaran gado? Kwana nawa kika ji daɗin jikinki? Tambayoyi ne na ƙasa-ƙasa, kuma su ne suka fi kusa da abin da ya dami mai ciwo.

Na biyar shi ne ya fi jan hankalina. Ana amfani da wata 'yar na'ura mai kan roba da ma'aunin nauyi. Mai aunawa ya ɗora kan robar a ɗaya daga wuraren nan masu zafi, ya riƙa ƙara dannawa sannu a hankali, ya ce wa mai ciwon ya yi magana da zarar dannawa ta koma zafi. Da ya yi magana sai a tsaya a karanta lambar. Idan yau mutum ya ce a tsaya a kilo ɗaya da rabi, bayan wata biyu kuma sai an wuce kilo biyu kafin ya ce uffan, to wani abu ya sauya a yadda jikinsa ke karɓar taɓi.

Da aka kwatanta kashin biyu, sauyin da aka lissafa a tsananin ciwo ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari, ribar tana wajen masu shiyatsu. A barci kusan kashi 34. A tasirin ciwo kan ayyukan yau da kullum kusan kashi 22. A juriyar dannawa kuwa sama da kashi 70. Fargaba ce kaɗai ba ta nuna wani sauyin a zo a gani ba. Ba a ba da rahoton wata illa ba, kuma kusan kashi 94 sun ce sun gamsu, wanda a cikin mutum 17 yake nufin 16.

Lambobin ba na wasa ba ne. Masu binciken ciwo sukan ɗauki raguwar kashi 30 a matsayin abin da mai ciwo zai ji a jikinsa ya ce an samu sauƙi, a takardar Oregon kuwa kashi 14 ya isa. Gwajin ya haye duka biyun. Don a san girman abin, a dubi magunguna. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pregabalin don wannan ciwo a 2007, duloxetine a 2008, milnacipran a 2009. Da cibiyar Cochrane, mai tattarawa da tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen pregabalin a 2016, ta samu cewa waɗanda ciwonsu ya ragu da rabi ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali cikin masu shan ƙwayar bogi ma, wato wadda babu magani a cikinta da ake bayarwa don kwatanci, kusan kashi 14 cikin ɗari sun samu hakan. Ribar maganin ke nan wajen mutum ɗaya cikin goma, ga jiri da gyangyaɗi da ƙiba a kai. Wanda ya ga wannan, sannan ya ga tausa ta ba da kashi 40 ba tare da illa ba, dole ransa ya biya.

Rashin motsin fargaba ya ba ni sha'awa ta wata fuska. Da a ce duk abin da ya faru shi ne mutane sun ji daɗin kulawa suka cika takardu da fara'a, da an sa ran fargaba ce za ta fara sauka. Ba ta sauka ba, jiki da barci ne suka motsa. Wannan ɗan maki ne a wajen shiyatsu, ko da yake a mutum 17 ba a gina gida a kan irinsa.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar gwajin tana wajen kashi na biyu. A auna abin da kowane kashi ya samu. Masu shiyatsu sun fito daga gida sau 16 cikin wata biyu. Sun kwanta a ɗaki mai natsuwa, babu yaro mai kuka, babu tukunya a wuta. Wani ya tambaye su inda ke musu ciwo, ya saurara, ya yarda, ya sa hannu a wurin. Ga mutumin da ya shekara ana ce masa gwaji bai nuna komai ba, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Waɗancan kuwa littafi aka miƙa musu. Saboda haka bambancin da ke tsakaninsu ba dannawar shiyatsu kaɗai ba ce. Akwai hutu, akwai taɓi, akwai saurare, akwai tafiyar zuwa da dawowa wadda ita ma motsa jiki ce, akwai sa rai. Gwajin ya nuna cewa wannan ƙunshi gaba ɗaya ya fi littafi. Bai nuna wane ne cikin ƙunshin ya yi aikin ba.

Kuma kowa ya san kashin da yake ciki. Wanda aka ba littafi ya san bai samu abin da ya zo nema ba, kuma ɓacin rai yana iya hawa kan layin nan mai santimita 10. Wanda aka yi wa tausa ya saba da mai yi masa, kunya ma za ta iya sa ya sassauta alamar. Duk ma'aunan biyar daga bakin mai ciwon suke fitowa, har na'urar dannawar, tunda shi ne ke cewa a tsaya. Ba laifi ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wata hanyar auna ciwo da ta wuce tambayar mai shi. Sai dai hakan yana nufin sa rai yana da ƙofar shiga ko'ina. A faibromayaljiya ƙofar tana da faɗi: wani nazari da Winfried Häuser na Jamus ya jagoranta a 2011 ya ƙiyasta cewa kusan rabin sauƙin da ake gani a gwajin magungunan ciwon, masu shan ƙwayar bogi ma suna samun sa.

Lambar nan ta sama da kashi 70 ma tana buƙatar a yi mata kallo na biyu. Mutumin da aka danna wa jiki sau 16 cikin lallami ya koyi cewa hannu a kafaɗarsa ba lallai ya zama azaba ba. Ranar aunawa ba zai ɗaure jiki yana jiran zafi kamar ranar farko ba. Wani zai ce wannan sabo ne kawai, ba waraka ba. Ni kuwa ina ganin a ciwon da asalinsa shi ne jijiyoyi sun ɗauki taɓi a matsayin hatsari, sabon da ke rage wannan tsoro yana iya zama shi ne maganin kansa. Idan haka ne, to ba wuraren da littafin shiyatsu ya zana ne suka yi aiki ba, maimaita taɓi mai aminci ne, kuma kowace tausa mai taushi da tsari za ta iya yin irinsa.

Akwai hanyoyin da ilimin jiki ya sani waɗanda za su iya bayyana sauƙin. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon taɓi da dannawa yana iya rage wucewar saƙon ciwo a laka, dalilin da ya sa wanda ya buge gwiwa yake saurin murza ta. Sai barci. Tiffany Field da abokan aikinta a Miami sun ba da rahoto a 2002 cewa masu faibromayaljiya da aka yi wa tausa sun ƙara sa'o'in barci, sinadarin P ɗinsu kuma ya ragu. Shi ma ƙaramin gwaji ne. Amma idan aka haɗa shi da abin da Moldofsky ya gani, zare ya fito: rashin barci mai nauyi yana ƙara ciwo, ciwo yana hana barci, duk abin da ya yanke wannan zagaye ta ɓangare ɗaya zai taɓa ɗayan. Idan da zan zaɓi lamba guda daga gwajin Sao Paulo in ba ta muhimmanci, ta barci zan zaɓa.

Saura ƙanƙantar gwajin. Mutum 17 a kowane gefe yana nufin biyu ko uku da suka ji daɗi ƙwarai za su iya jan lissafin duka. Ga shi ciwon yana hawa yana sauka da kansa, kuma mutane sun fi shiga gwaji lokacin da ya tsananta, don haka ko ba a yi komai ba wasu za su sauko. Lambobin nan kuma na ƙarshen mako takwas ne, ba su gaya mana halin da mutanen suke ciki bayan wata shida da daina tausa ba.

Abin da aka yi da sakamakon

Masu binciken ba su yi zuzutawa ba. Cewa suka yi shiyatsu ya nuna alamar amfani, tsarin mai yiwuwa ne, masu ciwo sun karɓe shi. A 2015 Yuan da Marques, tare da Luciana Matsutani, suka tattara gwaje-gwaje goma kan salon tausa iri-iri a faibromayaljiya. Salon da ya fi samun hujja shi ne na sassauta fatar da ke lulluɓe tsoka ta hanyar ja a hankali. Tausar Suwidin, wadda ta fi kama da ta shafa mai a murza, ba ta nuna amfani ba. Shiyatsu ya fito da kyau, amma hujjarsa ba ta da kauri. Kafin nan, a 2011, Nicola Robinson da abokan aikinta a Landan sun duba duk abin da aka rubuta kan shiyatsu a kowace irin cuta, suka samu bincike tara kacal, suka ce hujjar ba ta isa ba, a yawa da kuma a inganci.

Hukunci mafi nauyi ya fito ne daga ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, a shawarwarin da ta wallafa a 2017 ƙarƙashin jagorancin Gary Macfarlane na Jami'ar Aberdeen. Cikin duk abin da suka duba, magani da wanda ba magani ba, motsa jiki ne kaɗai ya samu cikakken goyon baya: tafiya, iyo, keke, ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan. Tausa kuwa sun karkata ga kada a ba da shawararta, ko da yake karkata ce mai rauni. Dalilinsu rashin ingancin gwaje-gwajen ne, ba wai an same ta da cutarwa ba.

Wani sashe na shawarwarin ya shafe mu kai tsaye. A wajenmu mai ciwon jiki na kullum yakan zagaya tsakanin maganin maleriya da na taifot, daga nan ya koma kemis a haɗa masa na ciwon jiki. EULAR ba ta goyi bayan irin su ibuprofen da diclofenac a wannan ciwo ba, tunda babu kumburin da za su kashe, ta kuma yi hani mai ƙarfi ga magungunan sitiroyid da masu ƙarfi na dangin ofiyom. Wanda ya shekara yana shan irin wannan haɗi yana biyan kuɗi ne ya sayi gyambon ciki da matsalar ƙoda.

Ni ban karanta hukuncin EULAR a matsayin an rufe ƙofar shiyatsu ba. Abin da ke hana masu faibromayaljiya motsa jiki sananne ne: makon farko ciwon ƙaruwa yake yi, da yawa su bari. Idan tausa ta wata biyu za ta ba mutum barci da ɗan sauƙin da zai iya fara tafiyar minti goma ya ɗore, to ta biya kuɗinta. Idan kuwa ta zama ita ce jinyar gaba ɗaya, mutum ya kwanta a yi masa, ya tashi ya jira zama na gaba, to an sayi sauƙi ne na haya. Zama 16 a hannun ƙwararre kuɗi ne mai yawa a ko'ina, kuma ba a nuna cewa amfaninsa yana zama bayan an daina ba.

Wanda zai gwada, abu na farko shi ne ya tabbatar faibromayaljiya ce. Raunin ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod, ƙarancin jini, amosanin gaɓɓai mai kumburi da ƙarancin bitamin D duk suna iya zuwa da ciwon jiki da gajiya, kuma kowanne da maganinsa. Sai ya gaya wa mai tausa ciwonsa tun kafin a fara, a soma da aza hannu kawai. Maganar da wasu masu tausa ke yi cewa sai ya yi zafi yake aiki ba ta da wuri a nan, dannawa mai ƙarfi tana iya tayar da ciwon na kwanaki. A kiyaye gaba da gefen wuya. A 2001 mujallar Stroke ta ba da rahoton wani dattijo a Japan da jijiyoyin jinin idonsa da na ƙwaƙwalwarsa suka toshe bayan an yi masa shiyatsu a wuya. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa dalili. Mai shan maganin tsinka jini, mai raunin ƙashi, mai gudan jini a ƙafa da mai juna biyu su fara jin ta bakin likita.

Hanyar da masu binciken suka bi ma kowa zai iya aronta. Kafin zaman farko mutum ya rubuta lambar ciwonsa daga sifili zuwa goma, da sau nawa yake farkawa da dare, da aiki guda da ciwon ya hana shi, ko wanki ne ko tsayuwar salla. Ya ci gaba da rubutawa kowane mako. Idan mako takwas suka cika lambar ba ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku ba, barcin bai gyaru ba, aikin kuma har yanzu ya gagara, sai ya daina, ya mayar da kuɗin wajen likitan fisiyo da zai tsara masa motsa jiki daidai ƙarfinsa.